Na'ura Mai Amsa Tambaya da Amanar Ilimi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ɗaukaka ilimi da ma'abotansa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, iyaye da malaman madarasa sun yawaita tambayata game da abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, watau na'urar da mutum zai yi wa tambaya cikin salula ko kwamfuta ta ba shi amsa nan take. Tun da aka fito da ChatGPT a ƙarshen shekarar 2022, ɗalibanmu suka rungume ta. Shin mu hana su, ko mu sakar masu?

Ku sani, Allah ya yi maku rahama, musulunci bai taɓa gudun kayan aikin ilimi ba. Magabatanmu sun karɓi sana'ar takarda daga mutanen Sin, suka rubuta tafsiri da fiƙihu a kanta. Malam Alkhawarizmi, wanda ya zauna Bagadaza wajen shekara 1200 da suka wuce, daga sunansa ne Turawa suka ciro kalmar da suke kiran ƙa'idojin lissafin da kwamfuta ke bi. Ke nan ba baƙi ba ne mu a wannan fage.

Amfaninta kuwa ba ɓoyayye ba ne. A da, ɗalibi a Tawa ko Damagaram yakan shekara yana neman littafi guda. Yau ga Maktabatus Shamila ɗauke da dubban littattafan Larabci cikin kwamfuta ɗaya. A Yamai, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta Jami'ar Abdu Mumuni tana ajiye da dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, waɗanda gara da zafi ke barazana gare su. Mun ga abin da ya faru a Timbuktu a 2013, da aka ƙone littattafai a cibiyar Ahmad Baba. Ɗaukar hoton irin waɗannan takardu da adana su cikin na'ura hidima ce babba ga addini da masu bincike.

To amma ku saurara da kyau. Ita wannan na'ura ba malama ba ce. An cika ta ne da rubuce-rubucen mutane masu yawan gaske, na gaskiya da na ƙarya, sai ta koyi jera kalmomi bisa abin da ya saba biyo bayan wani. Ba ta da tsoron Allah, ba ta jin kunyar kuskure. Wani ɗalibina ya zo mini da wani zance, ya ce na'ura ta ba shi a matsayin hadisi cikin Bukhari, har da lamba. Muka buɗe littafin, ba mu same shi ba. Da yaron nan ya hau mumbari da shi, da ya jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin da bai faɗa ba, alhali kun san tsananin azabar da aka yi wa mai yin haka alkawari. Da Hausa kuwa kuskurenta ya fi yawa, domin rubutunmu da aka ciyar da ita kaɗan ne.

Allah ya umurce mu cikin Suratul Hujurati da mu tantance labari kafin mu yi aiki da shi. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda saboda hadisi ɗaya, don ya ji shi daga bakin wanda ya ji. Wannan shi ne isnadi, kuma na'ura ba ta da shi. Bahaushe ya ce zuwa da kai ya fi aike.

Saboda haka nasihata uku ce. Ta farko, ga ɗalibai: ku nemi taimakonta wajen lissafi, da nahawu, da koyon harsuna, amma duk aya ko hadisi ko hukuncin da ta ba ku, ku koma ga littafi, ku kai gaban malami. Wanda ya sa ta yi masa aikin jarrabawa ya ce nasa ne, ya yi ha'inci. Ta biyu, ga malamai: mu koyi abin nan, domin makiyayin da bai san dajin ba ba ya tsare garke. Tun da aka buɗe madarasar Sayi a 1957 muke haɗa karatun addini da na zamani, bai kamata mu ja baya yanzu ba. Ta uku, ga iyaye da masu hali: ku duba abin da ƴaƴanku ke yi da salula, ku taimaki makarantunmu da kwamfuta da wutar hasken rana, wannan sadaka ce mai gudana.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya tsare mu daga faɗin abin da ba mu sani ba, ya shiryi zuriyarmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.