Jitar da Aka Sauya wa Wuya: Tambaya a Kan Asali da Amanar Ciniki

Jitar bes ta lantarki, wato jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri wadda ke ɗauke da murya mafi zurfi a cikin taron makaɗa, tana daga cikin kayan kiɗan da masu sha'awa suka fi saye da musaya da kwancewa da sake haɗawa, musamman a Amurka da Turai da Japan, inda mutum zai yi shekaru yana kaɗa ta a ɗakinsa ba don neman abinci ba. Irin wannan mai sha'awa ba ya daɗewa sai ya fara taɓa kayan cikinta, yau ya sauya wannan, gobe ya ƙara wancan, har ranar da zai kai ta kasuwa ya tarar da tambayar da masana falsafa suka daɗe suna juyawa: idan an sauya sassan abu ɗaya bayan ɗaya, shin abin da ya rage shi ne abin da aka fara da shi, kuma da wane suna ya halatta a sayar da shi?

Tambayar ta fi tsanani a kan wannan jita saboda yadda aka ƙera ta tun farko. Leo Fender, wanda ya fitar da samfurin Precision Bass a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a 1951, ya kuma bi shi da Jazz Bass a 1960, asalinsa mai gyaran rediyo ne, kuma da idon mai gyara ya kalli kayan kiɗa. Maimakon ya manne wuyan jitar da gangar jikinta da gam kamar yadda maƙeran goge na Turai suka saba, sai ya ɗaure su da ƙusoshi huɗu masu murɗi, ta yadda idan wuya ya lanƙwashe za a kwance shi a ɗaura wani cikin ɗan lokaci. Haka ma na'urar ɗaukar sauti, wadda ba komai ba ce illa mayen ƙarfe da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe domin ya mai da karkarwar tsirkiya ta zama siginar lantarki, ana cire ta ne da sukurudireba da ɗan narka dalma. Saboda haka sauya sassa ba cin zarafin wannan jita ba ne, don haka aka yi ta, kuma wanda ya ga laifin mai gyara bai fahimci niyyar maƙerin ba.

Marubucin Girka Plutarch ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus da mutanen Atina suka adana tsawon zamani, suna cire katakon da ya ruɓe suna sa sabo, har masana suka rabu biyu a kan ko jirgin nan ne ko wani ne. Thomas Hobbes na Ingila ya ƙara wa matsalar nauyi a 1655, inda ya ce a ƙaddara wani ya tattara tsofaffin katakan ya sake haɗa su, sai ga jirage biyu kowanne yana da'awar sunan. Abin da ya kasance misali a bakin masana ya zama ruwan dare a kasuwar jita, domin tsohon wuya yana iya komawa kan sabuwar ganga, tsohuwar gangar kuma ta sami wani wuya, a wayi gari jita biyu suna yawo kowace ana kiranta ta 1962. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa 1976 kamfanin Fender yana buga lambar shaidar jita ne a kan ɗan farantin ƙarfen da ke riƙe ƙusoshin wuya, wanda kowa zai iya ɗauka ya mayar kan wata jitar. Shi ya sa ƙwararrun masu saye ba sa tsayawa ga lamba, sai sun kwance wuya sun duba kwanan watan da ma'aikaci ya rubuta da fensir ko ya buga da hatimi a gindinsa, sun karanta lambobin da ke bayan maɓallan ƙara murya, waɗanda ke nuna shekara da makon da aka ƙera su, sun kuma duba ko dalmar da ke kan wayoyi ta farko ce ko an sake narka ta.

Duk wannan bin diddigi yana da dalili na kuɗi. A watan Janairun 1965 kamfanin CBS ya sayi Fender a kan dala miliyan 13, kuma makaɗa da yawa suka yi imani cewa ingancin aiki ya ragu bayan haka, sai jitocin da aka ƙera kafin cinikin suka zama tsohuwar zuma da ake nema ido rufe. A wannan kasuwa jitar da fentinta ya goge, jikinta ya sha duka, ta fi wadda aka sake wa fenti mai ƙyalli daraja, har dillalai sukan ce sabon fenti kaɗai yana iya cinye kusan rabin farashi. Wannan abin mamaki ne ga wanda ya saba da cewa gyara yana ƙara wa kaya kima, amma yana nuna cewa mai tara tsofaffin jitoci ba sauti kaɗai yake saye ba, yana sayen tabbacin cewa hannun da ya haɗa wannan abu a waccan shekara shi ne hannu na ƙarshe da ya taɓa cikinsa.

Sai dai ɗaya daga cikin jitocin bes da suka fi shahara ta saɓa wa wannan ma'auni gaba ɗaya. Jaco Pastorius, makaɗin ƙungiyar Weather Report wanda ya rasu a 1987, ya yi suna ne da Jazz Bass ta 1962 wadda aka cire wa ƙarafan da ke gicciye a kan wuya, waɗanda su ne ke yanka murya daki-daki, aka cike gurabensu, aka shafe allon yatsu da irin gam mai tauri da ake shafa wa jiragen ruwa, don tsirkiya ta riƙa zamewa kamar muryar goge. Daga baya jitar ta farfashe, masu gyara suka harhaɗa gutsattsarinta suka lulluɓe gaba da bayanta da sabon katako, sannan aka sace ta a birnin New York a 1986, ba ta sake bayyana ba sai bayan kimanin shekara 20, inda Robert Trujillo na ƙungiyar Metallica ya taimaka wa iyalan mamacin a kan maganarta. Da ma'aunin mai tara kaya za a auna ta, da an ce ta lalace tun tuni, amma babu wanda ya yi shakkar cewa ita ce jitar Jaco, domin sauye-sauyen da aka yi mata sanannu ne, ba ɓoyayyu ba. A nan ne amsar tambayar take fara bayyana: abin da ke riƙe da sunan jita ba katako ba ne, ba lamba ba ce, labarinta ne wanda bai yanke ba, kuma labari ba ya tsayawa sai da mai faɗinsa da gaskiya.

Idan haka ne, matsalar ta tashi daga hannun masanin falsafa ta koma wuyan mai sayarwa, kuma fiƙihun ciniki ya yi magana a kanta filla-filla. Gaskiya ne cewa mafi yawan malaman mazhabobi huɗu, har da Malikiyya, sun hana kayan kiɗa masu tsirkiya da cinikinsu, yayin da Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya tafi a kan halacci, kuma wannan saɓani ba nan ne wurin warware shi ba. Amma ƙa'idar hana algus, wato yaudarar mai saye ta hanyar ɓoye haƙiƙanin kaya, ta game kowace haja da kowane ɗan kasuwa, kuma makaɗin coci a Jos ko ɗan ƙungiyar kiɗa a Yamai da ya sayi jitar gwanjo yana da haƙƙin a gaya masa gaskiya daidai da mai sayen hatsi. Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani. An kuma hana barin nono ya taru a hantsar dabba don ta yi kama da mai yawan nono, aka ba wanda aka yaudara zaɓin mayar da ita.

Abin da ya fi dacewa da maganar jita shi ne wani sharaɗi da Ibn Abi Zaid na Ƙairawan ya kawo a cikin Risala, littafin da ɗaliban ilimi a ƙasar Hausa suka daɗe suna karantawa a zaure. Bayan hana ɓoye aibi, ya hana mai sayarwa ya yi shiru a kan duk wani abu game da hajarsa wanda da an ambace shi mai saye zai ƙi ta, ko farashinta ya ragu. Faɗin wannan sharaɗi ya wuce maganar aibi nesa, domin sabuwar na'urar ɗaukar sauti ba aibi ba ce, tana iya fin ta asali tsabtar murya, haka sabon wuya yana iya fin tsohon miƙewa. Mai sayarwa yana iya lallashin zuciyarsa da cewa ai bai ɓoye ɓaraka ba, kyautatawa ma ya yi, amma muddin ya san cewa ambaton sauyin zai rage abin da za a taya, to shirunsa ya zama hanyar cin kuɗin da ba don wannan jitar aka biya shi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ranar ciniki ita ce ranar wankan kaya.

Wannan ma'auni ne kuma ke warware maganar tsufan da ake ƙirƙira da hannu. Tun daga 1995 kamfanin Fender da kansa yake sayar da sababbin jitoci da aka kankare wa fenti, aka sa wa ƙarafansu tsatsa, aka dusashe launinsu don su yi kama da waɗanda suka sha shekaru a hannun makaɗa, kuma yana sayar da su ne a fili da sunan sababbi. Ana iya ganin wannan ɗabi'a a matsayin kwaɗayin tarihin da mutum bai yi wahalarsa ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a wannan suka, amma ba ha'inci ba ce tun da mai saye ya san abin da ya saya. Haɗarin yana zuwa ne a hannu na biyu da na uku, musamman ga jitar da wani ya haɗa a gida daga sassa daban-daban ya manna mata tambarin kamfani don jin daɗin kansa, domin wanda ya haɗa ta ya san jabu ce, wanda ya saya daga gare shi ya ji a bakinsa, amma na huɗu yana iya sayar da ita da zuciya ɗaya a matsayin ta asali. Ƙarya a nan ba ta buƙatar maƙaryaci a kowane mataki, ya ishe ta mutum ɗaya ya manta ya faɗa.

Saboda haka nauyin mai sha'awa yana farawa ne tun a kan teburin gyara, ba sai ranar da aka yi tayi ya sallama ba. Masu kula daga cikinsu sukan guji sauyin da ba ya komawa, kamar fafe katako don a cusa na'ura mafi girma ko huda sababbin ramuka, idan akwai hanyar da za a bi ba tare da haka ba, sukan kuma ajiye tsofaffin sassan da suka cire, har ƙusoshi da guntayen waya, a cikin ƙaramar jaka a akwatin jitar domin su bi ta duk inda ta je. Wasu sukan ɗauki fensir su rubuta a cikin ramin da wuya ke zama, inda ma'aikatan Fullerton suka saba barin alamarsu, cewa an sauya wuya a shekara kaza, an sake fenti a shekara kaza, don wanda zai kwance ƙusoshin nan huɗu bayan shekara talatin, wanda ba su san shi ba kuma ba zai iya tuhumarsu ba, ya karanta.