Mai Haƙuri Yakan Dafa Dutse: Karin Maganar da Tukunyar Dahuwar Sannu a Zuru

Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Daga bakin murhu aka ɗauko wannan karin magana, kuma kowa ya san dutse ba ya dahuwa ko da za a ƙarar da itacen daji a gindinsa. Da gangan aka zaɓe shi don a nuna maƙurar tauri: idan abin da ya gagari haƙori zai ba da romo ga wanda bai ƙosa ba, to sauran lamura masu sauƙi ne. Ana faɗa wa ɗalibin da karatu ya yi wa tsawo, da ɗan koyon sana'a, da manomin da ya dasa itacen da ba zai ci 'ya'yansa ba sai bayan shekaru.

Haƙurin da maganar ke yabo na mai aiki ne. Wanda ya ɗora tukunya ba ya naɗe hannu. Yana iza wuta in ta ja baya, yana janye itace in ta yi yawa, yana ƙara ruwa kafin ya ƙone. Mutanen ƙasar Zuru, a kudu maso gabashin Jihar Kebbi, sun san irin wannan haƙuri tun kaka da kakanni. A al'adar Dakarkari, wato Lelna, akwai golmo, noman da saurayi da abokansa suke yi a gonar surukinsa na kimanin shekara 7 kafin a ba shi mata. Kowace damina sai ya fito da fartanya. Da zai tsallake shekara ɗaya, da maganar ta lalace. Sharaɗin ke nan a madafi ma: aikin kada ya yanke.

A madafi akwai duwatsu na gaske, a ma'anar da karin maganar ke nufi. Akwai ganda, da ƙafar saniya, da kan rago, da naman tsohon zakara, da busasshen wake da gurjiya. Sarkinsu kuwa kalwa ce, wadda masu daddawa ke kwana suna dafawa kafin ɓawonta ya saki. Dalilin da ya sa irin waɗannan ba sa son gaggawa sananne ne. Jijiya da fata cike suke da wani sinadari mai tauri da masana ke kira kolajin. Idan ya daɗe cikin ruwa mai zafi, ko da bai kai ga tafasa ba, sai ya narke ya koma danƙo mai laushi. Shi ne ke sa romon langaɓu ya kama leɓe, ya kuma daskare idan ya kwana. Babbar wuta ba ta rage wannan lokaci da wani abin kirki, domin ruwan da ke buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 komai yawan itacen da aka cusa. Abin da take yi shi ne ta ƙone ruwan, ta ƙanƙance tsokar, ta cinye itacen. Shi ya sa tsofaffin mata kan bar farfesu a tukunyar ƙasa bisa garwashi, su rufe, su yi kwanciyarsu, da asuba ƙashi ya rabu da nama.

Wannan dabara ce aka mayar ta lantarki a Amurka. Wani mai ƙere-ƙere a Chikago, Irving Naxon, ya samu takardar mallakar fasahar wata tukunya a 1940. Ya ɗauko tunanin ne daga labarin da ya ji a gida na Yahudawan Lituweniya, waɗanda ke kai tukunyar wake da nama gidan burodi ranar Juma'a, ta kwana cikin tanderun da ke hucewa, saboda addininsu ya hana su hura wuta ranar Asabar. Kamfanin Rival ya sayi kamfaninsa a 1970, ya fito da tukunyar da sunan Crock-Pot a 1971, daidai lokacin da matan Amurka ke tururuwar fita aiki. Ƙirarta ba wuya: kasko ne mai kauri na tangaran, zaune cikin gidan ƙarfe mai wayar da ke ɗumama shi, da murfin gilashi. Wutar da take ja kaɗan ce, galibi ba ta wuce wat 300 ba. A ƙaramin zafi takan ɗauki awa 6 zuwa 8, a babba kuma 3 zuwa 4. Uwargida ta zuba komai da safe, ta kunna, ta tafi aiki, ta dawo ta tarar abinci ya nuna.

Wato tukunyar ta ɗauke wa mai girki iza wuta da gadi, ta bar masa jira kawai. Ga malamar makaranta a Zuru, ko ma'aikaciyar jinya, ko ma'aikacin Jami'ar Noma ta Tarayya da aka kafa a garin a 2020, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Babu hayaƙi kuma, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga girki da itace da gawayi da kananzir take, tana kashe mutum kimanin miliyan 3 a shekara. Itacen ma ya yi tsada, kuma shiga daji nemansa a wasu sassan masarautar Zuru, kamar Danko/Wasagu da Sakaba, ya zama kasada tun da 'yan bindiga suka addabi yankin.

Amma kafin a saya, sai a duba abin da ake ɗorawa kullum. Abincin dare a mafi yawan gidajen Zuru tuwo ne, na dawa ko na masara, da miyar kuka ko kuɓewa ko taushe. Tuwo ba dutse ba ne. Yana son ruwa mai tafasa sosai, a yi talge, a bari ya nuna, a zuba gari a tuƙa da muciya da ƙarfin dantse, a rufe ya sulala. Tukunyar da ba ta zabalbala, wadda kuma buɗe murfinta sau ɗaya ke mayar da dahuwa baya, ba ta da abin yi a nan. Miyar kuka kaɗa ta ake yi cikin ɗan lokaci. Kuɓewa in ta daɗe a wuta yauƙinta ya mutu. Miyar dage-dage sai an soya kayan miya har mai ya taso, ita kuwa wannan tukunya ba ta suya, ba ta kuma ƙone ruwa, domin tururin da ya hau murfi komawa ciki yake yi. Shinkafa da taliya caɓewa suke. Idan aka tsame waɗannan duka, abin da ya rage mata shi ne farfesu, da dahuwar nama mai tauri, da wake. Abinci ne masu daɗi, amma gida nawa ne ke cin ƙafar saniya kowace rana?

Waken ma da sharaɗi. Wasu nau'o'in wake, musamman jan wake mai siffar ƙoda da ake shigowa da shi, suna da gubar da ba ta mutuwa sai an tafasa su sosai na aƙalla minti 10, kuma ɗumin da bai kai tafasa ba ba ya kashe ta. Don haka ƙa'ida ita ce a jiƙa wake, a tafasa shi a murhu, sannan a juye cikin tukunyar. Akwai wata karin maganar da ke cewa abin da ruwan zafi ya dafa, in an yi haƙuri ruwan sanyi ma zai dafa. Gaskiya ce a zaman duniya, a madafi kuwa iyakar ruwan sanyi ya jiƙa.

Babbar matsalar dai ita ce wuta. Tukunyar an yi ta ne don ƙasar da lantarki ke wuni ya kwana bai ƙifta ba. A Zuru, kamar sauran garuruwan Arewa da yawa, ba wanda zai iya rantsuwa cewa wutar da ya bari da ƙarfe 7 na safe tana nan har azahar. Idan aka ɗauke ta bayan awa 2, naman bai dahu ba, bai kuma yi sanyi ba. Zai wuni cikin ɗumin da ke ƙasa da digiri 60, wanda shi ne ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa a cikinsa. Mafi muni, idan wutar ta dawo da la'asar tukunyar za ta ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru, mai gida ya dawo ya tarar da ita da zafi, bai san awa nawa ta yi a mace ba. Murhu in ya mutu toka na nunawa. A nan ne hikimar karin maganar ta fi fitowa: ba tsawon lokaci kaɗai ke dafa dutse ba, sai da wutar da ba ta yanke ba, kuma mai haƙurin da ake yabo shi ne wanda ya tsaya ya tabbatar da haka. Wanda ya danƙa wa tukunya gadin, ita kuma ta danƙa wa layin lantarki, ya ajiye amanarsa inda ba shi da iko.

Tayar da janareta na awa 8 saboda tukunya ɗaya kuwa ɓarna ce, balle tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Inda lissafin ke fita shi ne gidan da ke da sola. Tukunya mai jan wat 200 in ta yi awa 8 ta ci yunit 1.6 ke nan, kuma lokacin aikinta ya dace da lokacin da rana ke tsaka, abin da Zuru ba ta rasa ba. Mai sayen ta hannu kuma ya duba bayanta: wadda aka yi don Amurka ta bolt 120 ce, wutar Najeriya kuwa 230, yana sa ta a soket za ta ƙone.

Wanda ba shi da sola bai rasa hanya ba. Ana iya tafasa wake ko nama a gawayi na minti 15 zuwa 20, a sauke tukunyar ba tare da an buɗe ba, a cusa ta cikin kwandon da aka shimfiɗa wa tsofaffin barguna, ko ƙaiƙayi, ko audugar rimi, a rufe ruf. Zafin da ta riƙe shi zai ƙarasa dahuwar cikin 'yan awanni, in za a ci a sake tafasawa. Tsohuwar dabara ce, kuma a kanta aka gina jakar Wonderbag da aka fito da ita a Afirka ta Kudu a 2008, lokacin da ɗauke wuta ya dami ƙasar. Mai sauri kuma yana da tukunyar matsin tururi, wadda zafinta ke kai wa kusan digiri 120, ta tausasa ganda cikin ƙasa da awa ɗaya a kan gas.

Saboda haka, a gidan Zuru da ke da tsayayyar wutar sola, masu gidan suna wuni a wurin aiki, kuma wake da farfesu suna yawan shiga tukunyarsu, tukunyar dahuwar sannu ta cancanci kuɗinta. A gidan da tuwo da miya ne cimar kullum, lantarki kuma sai an gani, kuɗin ya fi amfani a ingantaccen murhu mai rage cin gawayi da tukunya mai murfin kirki.