Gwarancin Baƙo: Daga Tudun Kaya Zuwa Lungunan Garnaɗa

Akwai wata tambaya da ta daɗe ta na yi mani kai-kawo a rai, na ga ya dace in kawo ta wannan fili tunda masu karatun sa mutane ne da ke hulɗa da harshe, ko a littafi ko a fim. Idan baƙo ya buɗe baki ya yi magana da harshen ka, ya kakkarya shi, ya maida mace namiji, me ya ba ka? Kai kuma me ya kamata ka mayar masa? Mu dai abin da mu ka saba mayarwa shi ne dariya. Har suna mu ka raɗa wa abin, wai gwaranci. Dubi kalmar da kyau, mai karatu. Sunan al'umma guda ne sukutum, wato Gbagyi, maƙwabtan mu na kudancin Zazzau da Neja da Abuja, mu ka ɗauka mu ka maida shi sunan rashin iya magana.

Finafinan mu na barkwanci sun daɗe su na cin abinci da wannan. Tun zamanin marigayi Rabilu Musa Ibro, da wuya ka kalli fim ɗin ban-dariya ba ka ga an sako wani mai kwaikwayon Hausar baƙo ba, ko irin ta Ɗangwari ko irin ta Baban Chinedu. Sau da yawa ma ba a buƙatar ya faɗi wani abin dariya. Ya buɗe baki kawai ya isa.

To amma mu ma fa 'yan gwarancin ne a wani wurin. A nan wajen mu, Tudun Kaya da sauran garuruwan ƙasar Ƙaraye da Rogo, da zarar an kawar da amfanin gona sai ka ga samari sun fara ɗaure jaka. Wanda bai samu fili a bakin dam ɗin Challawa ya yi noman rani ba, sai ci-rani: Legas, Ibadan, Fatakwal, Abuja. Yaron da zai sauka Agege da akwatin gyaran takalmi ba ya da taswira, ba ya da malami. Ƙafar sa ce taswirar, kunnen sa ne malamin. Ya bi layi yau, gobe ya bi na gaba da shi, ya koyi gaisuwar safe da Yarbanci, ya koyi ƙidayar kuɗi, ya koyi zagi domin ya gane idan da shi ake. Kafin damina ta faɗi ya san unguwar fiye da mai motar da aka haifa a cikin ta. Su ma can dariya su ke yi masa, su na kiran sa "aboki" da wata irin murya wadda ba ta abota ba. Idan ya dawo gida da sabon rediyo ko waya, ba ya ba da wannan ɓangaren labarin. Sai ya zauna a gidan kallo ya ƙyalƙyale da dariyar Hausar wani.

Abin bai fito mani fili sosai ba sai da na yi 'yan makonni a birnin Garnaɗa, wanda a taswira ake rubutawa Granada, a kudancin ƙasar Sifen, ina wani ɗan kwas na Sifaniyanci. Aji na tashi da rana, sauran yinin kuma na ƙafa ne. Garin ma da kan sa ya ke tilasta maka. Tsohuwar unguwar Albaicín a kan tudu ta ke, lungunan ta da yawa mota ba ta shiga, wasu ma matattakala ce ta dutse. Duk wanda ya san lungunan cikin birnin Kano, daga Kurmi zuwa gindin Dala, zai gane tsarin nan take: hanya ta karkace, ta tsuke, ta kai ka ƙofar gidan wani ta tsaya. Dole ka ɓata. Idan ka ɓata kuma dole ka yi tambaya, a nan ne karatun gaskiya ya ke farawa.

Ka tanadi jimlar ka tun daga nesa, ka na maimaita ta a zuci kamar mai hadda. Ka isa gaban wani dattijo da ke zaune kan benci, ka yi gaisuwa, ka sauke jimlar. Shi kuma ya amsa da kalmomi talatin a numfashi ɗaya, ga shi mutanen wannan yanki su na haɗiye ƙarshen kalma, harafin s na ƙarshe ba ya fita bakin su. Abin da ka koya a aji daban, abin da ke shiga kunnen ka daban. A wannan lokacin, komai digirin ka, komai littattafan da ka rubuta da Hausa, ka koma yaro ɗan shekara uku. Mutumin da a gida ake sauraro idan ya yi magana, ga shi ya na nuni da yatsa. Ni a gani na wannan shi ne kuɗin shiga gari, kuma da girman kai ake biyan sa. Wanda ya zaga gari cikin motar 'yan yawon buɗe ido da tafinta a gefe ya ga gine-gine, amma bai biya komai ba, shi ya sa garin bai buɗe masa ƙofa ba.

Yanzu ma waya ta zo ta na neman raba mu da biyan kuɗin baki ɗaya. Ta nuna maka hanya, ta fassara maka allon kanti. Da Hausawa su ka ce matambayi ba ya ɓata, ba su yi zaton za a zo zamanin da mutum ba ya ɓata kuma ba ya tambayar kowa ba.

Akwai wani daɗi na musamman da Bahaushe zai ji a wannan harshe idan ya kasa kunne. Magajin gari a wajen su alcalde ne, wato alƙali. Alguacil, wani ƙaramin jami'in kotu, daga waziri ya fito. Hasta ita ce hatta ɗin mu. Mezquino shi ne miskini, sai dai a can ma'anar ta karkata ta koma marowaci. Aceituna zaitun, azúcar sukari. Idan su na fatan wani abu sai su ce ojalá, wanda asalin sa ambaton yardar Allah ne, ko da mai faɗar bai sani ba. Daga rijiya ɗaya mu ka ɗebo, wato Larabci, su ta arewa mu ta kudu. Kuma ba kalmomi kaɗai ba. Alƙali Iyal, mai Ashafa da ake karantawa a masallatan mu da azumi, ya yi alƙalanci a wannan birni. Ibn Asim, mai Tuhfa da alƙalan ƙasar Hausa su ka daɗe su na nazari, ɗan Garnaɗa ne, a nan ya rasu a 1426. Ibn Malik mai Alfiyya a Jayyan aka haife shi, nan arewa kaɗan. Alfazazi mai Ishiriniya kuwa haifaffen Ƙurɗuba ne. Almajirin da ke zaure a Ƙaraye ya fi kusa da waɗannan lungunan fiye da yadda ya ke tsammani.

Kalmomi biyu ne dai su ka fi tsaya mani. Ta farko algarabía. A Sifaniyancin yau ma'anar ta hayaniya, surutun da ba a gane kan sa. Asalin ta kuwa al-arabiyya, wato Larabci. Ka ga gwarancin su ke nan: sunan harshen maƙwabci aka ɗauka aka maida shi sunan shirme. Ta biyu aljamía, sunan da Larabawan Andalus su ka ba harshen Kiristocin ƙasar, daga ajamiyya, maganar wanda ba Balarabe ba. Ita ce dai ajamin mu. Kowa ya na da sunan da ya ke kiran bakin ɗan'uwan sa da shi, kuma wanda ke riƙe da sarauta shi ke yanke wane ne mai gwaranci.

Garnaɗa ta ga yadda wannan hukunci ke juyawa. An miƙa birnin ga sarakunan Kirista a ranar 2 ga Janairu, 1492. A 1567 Sarki Filibus na Biyu ya kafa doka ta hana Larabci, ya ba zuriyar Musulmin shekara uku su koyi harshen masu mulki. Tawaye ya ɓarke a duwatsun Alpujarras daga 1568 zuwa 1571, aka murƙushe shi, sannan tsakanin 1609 da 1614 aka kori kimanin mutum 300,000 daga ƙasar. A cikin waɗannan mutane akwai waɗanda Larabcin ya riga ya kuɓuce masu tun kakanni, su na rubuta Sifaniyanci da baƙaƙen Larabci a ɓoye, kamar yadda malaman mu ke rubuta Hausa da ajami. Iya harshen bai cece su ba. Wannan ya nuna mani cewa ba kullum ne laifin ke ga bakin baƙo ba. Wani lokaci an riga an yanke shawarar ba za a ji shi ba, ko da ya fi liman iya karatu.

Har gobe haka abin ya ke. A kan titin Garnaɗa masu tafiya a ƙasa iri biyu ne, kuma duk su na karya harshe ɗaya. Akwai ɗalibin da ya zo daga Amurka ko Jamus da biza da kuɗin makaranta. Idan ya yi kuskure sai a yi murmushi, a gyara masa, a yaba ƙoƙarin sa. Akwai kuma baƙin yaron da ya shimfiɗa jakunkuna a kan ƙyalle a bakin titi, idon sa ɗaya kan mai saye ɗaya kan 'yan sanda, ko wanda ke tsinkar tumatir cikin rumfunan leda na Almeriya, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a mota. Shi ya fi ɗalibin tafiyar ƙasa nesa ba kusa ba. Wani ta Agadas ya ratso, wani ta shingen waya na Melilla, inda aƙalla mutum 23 su ka mutu a rana ɗaya, 24 ga Yuni, 2022. Wani ta Sabta, garin da aka haifi mai Ashafa, inda mutum 15 su ka nutse a Fabrairun 2014 su na ƙoƙarin iyo su kewaye shingen. Sau da yawa Sifaniyancin sa ya fi na ɗalibin kaifi, domin shi da yunwa ya koya. Amma nasa ba abin sha'awa ba ne, nasa shaida ce a kan sa. A Almeriyar nan dai Umar Sadiq, ɗan Kaduna, ya taimaka wa ƙungiyar garin ta hau babban rukuni a 2022, dubban mutane su na kiran sunan sa, ba wanda ya damu da nahawun sa.

Kafin mu ce Turawa ba su kyauta ba, mu dubi gida. Bature ya zo Kano ya ce "sannu da aiki" da karkataccen baki, sai a taru, a ɗauke shi hoto, a kai shi gidan rediyo. Matar da ta shekara ashirin a Sabon Gari ta na sayar mana da kaya, ta haifi 'ya'yan ta a nan, ta koyi Hausa a kasuwa ba wanda ya biya ta, ita kuma kwaikwayon ta mu ke yi. Kuskuren iri ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne matsayin da mu ka ba mai kuskuren tun kafin ya yi magana.

Na san za a ce mani wasa ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Mu mutane ne masu wasan taubasai: Kanawa da Zage-zagi, Fulani da Barebari, Katsinawa da Nufawa. Wannan wasa ya kashe husuma da yawa. Sai dai shi taubashi ramawa ya ke yi. Ka tsokane shi ya tsokane ka, a watse ba wanda ya ci wani. Marigayi Samanja ma da ya ke kakkarya harshe, Hausar bariki ya ke yi daga cikin bariki, tsohon soja ne da ke yi wa kan sa da abokan sa dariya. Amma baƙon da ke gaban ka ba ya da abin ramawa, domin a filin ka ake wasan, da ƙwallon ka. Ya ajiye harshen da ya ke da iko a cikin sa, ya shigo naka inda ya san zai yi tuntuɓe, don kawai ya sauƙaƙa maka. Kai da ba ka san kalma goma a nasa harshen ba, kai ne mai dariya. Ban ce a daina barkwanci ba. Ina dai jiran daraktan da zai ɗauki kyamara ya bi yaron Tudun Kaya zuwa Legas, a bar Yarbanci ya na zuba ba fassara, mu zauna a kujerar wanda ba ya ji na tsawon minti goma mu ga ko dariyar za ta zo.

Wani ɗan Garnaɗa ya taɓa zama a wannan kujera. Alhasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a birnin aka haife shi, iyayen sa su ka yi hijira da shi zuwa Fas. Ya yi yawon ƙasashe, 'yan fashin teku su ka kama shi a 1518 su ka kai wa Fafaroma Leo na Goma a Rum. A can ya koyi Italiyanci da girman sa, ya rubuta littafin bayanin Afirka ya gama a 1526. A ciki ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir, ya na daga cikin littattafan farko da su ka kai sunayen waɗannan ƙasashe ga masu karatu a Turai. Lokacin da aka buga shi a Banis a 1550, editan sa Ramusio ya goge harshen ya yi sumul. Sai a ƙarni na ashirin aka gano tsohon kwafin rubutun hannu a wani ɗakin karatu a Rum, aka ga Italiyancin da ke ciki na baƙo ne, ya na ɗingishi daga jimla zuwa jimla.