Mawaƙin da Ba Shi da Ubangida, Ɗa Ne ko Bawa?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuci, ita ce maganar 'yancin mawaƙi. Sau da yawa nakan ji matasan da ke zirga-zirga a ɗakunan ɗaukar waƙa na titin Gidan Zu, daga shataletalen Dangi a Gyaɗi-Gyaɗi har can ciki, suna bugun ƙirji da cewa su ba yaran kowa ba ne, da kuɗinsu suka shiga sutudiyo, da bakinsu suka rera. To, abin tambaya shi ne, rashin ubangida shi ne 'yanci?

Bari mu waiwayi baya tukuna. Makaɗin fada, irin su Ibrahim Narambaɗa wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa kiɗa, ko Musa Ɗanƙwairo Maradun, ya san ubangidansa, duniya ma ta san shi. Ci da sha da sutura da doki duk suna wuyan sarki, shi kuwa makaɗi aikinsa ya wasa ubangidansa, ya yi wa abokan gabarsa zambo. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma dai cinikin a fili yake, ba wanda aka rufe. A gefe guda kuma ga Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Shi da kuntiginsa kawai ya yawata duniya, yana waƙar karen mota da sha'anin aure da halin zaman talaka.

Mawaƙin zamani na Tarauni ya fi kama da Ɗanmaraya a ido, gama ba shi da fada. Tun daga shekarun 1990, da fiyanon Yamaha ya shigo harkar finafinan Kano, mutum ɗaya mai na'ura ya isa ya maye gurbin 'yan amshi da makaɗa. Amma ni a ganina, ubangida ɗaya aka sauke, aka ɗauki uku waɗanda ba su da rawani.

Na farko shi ne kasuwa. Waƙar da yaro ya kashe kuɗin guminsa a kanta, kafin mako ya zagayo ta isa hannun masu tura waƙa a waya a kasuwar Farm Centre, su karɓi ladan turawa, mai waƙa kuwa sai suna. Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai. A birnin Memfis na Amurka, wata ƙungiyar mawaƙa mai suna Big Star ta fitar da faifanta na farko a 1972, masana suka yaba, amma kamfani ya kasa kai faifan kantuna, ba a jima ba ƙungiyar ta watse. Sai bayan shekaru aka gane darajarta. Yabo ba ya cika tukunya.

Na biyu shi ne hukuma. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. A 2007 aka ɗaure Adam A. Zango saboda faifansa na Bahaushiya da ya fita ba tare da izninta ba, a 2009 kuma aka kama Aminu Ala a kan waƙar Hasbunallahu. Ba na cewa al'umma ba ta da hakkin tsare tarbiyyarta, tana da shi. Abin da nake nunawa shi ne, wanda ya ce ba mai taka masa burki bai san garin da yake zaune ba.

Na uku, wanda ya fi sauran daɗin baki, shi ne ɗan siyasa. Idan kasuwa ta hana, sai lokacin zaɓe ya zo da mota da kujerar Makka. A nan ne mawaƙi kan koma makaɗin fada ba tare da mutuncin makaɗin fada ba, gama Narambaɗa ya san sarkinsa shekara da shekaru, shi kuwa wannan bana ya wasa mutum, baɗi ya zage shi da irin kiɗan da ya yabe shi.

Wani zai ce mini, ai yunwa ba ta san falsafa ba, mai iyali a gidan haya ba a yi masa wa'azin ƙin kyauta. Gaskiya ne, ni ma ban ga aibu ga mawaƙi ya karɓi lada ba, don waƙa sana'a ce kamar ƙira da saƙa. Amma maƙeri yana sayar da fartanya ne, ba ya sayar da shaidarsa. Waƙar yabo kuwa shaida ce a gaban dubban mutane, mai shaidar zur kuma ko nawa aka biya shi sunansa bai canja ba.

Saboda haka ni dai ma'aunina ɗaya ne. Kada a tambayi mawaƙi wa ke ba shi, a tambaye shi wa ya taɓa ce wa a'a alhali yana bukata. Wanda ke da waƙa ɗaya tak da ya ƙi yi, ko kalma ɗaya da ya ƙi cirewa, don ya san gaskiya ce, shi ne ɗa, ko da a ƙofar fada yake kwana. Wanda kuwa bakinsa ke hannun duk mai biya, bawa ne mai iyayengiji da yawa, ko da sutudiyon nasa ne. Hausawa sun ce zomo ba bawan giwa ba ne, daji suka tara. Mu kuma masu sauraro, in muna son zomon ya tsaya da ƙafarsa, sai mu daina cin guminsa kyauta. Allah ya sa mu dace, amin.