Wa ke raino idan dare ya raba?

A garin Diffa, cikin zafin bazara, akwai wani abu da masu jego suka daɗe da lura da shi. Jariri yana barcinsa lami lafiya a ƙarƙashin fanka, sai wuta ta ɗauke, fankar ta tsaya. Tun ɗakin bai fara turara ba, tun gumi bai tsattsafo wa kowa ba, sai ya buɗe ido ya fashe da kuka. Shirun da ya sauka ne ya tashe shi, zafin bai ma iso ba tukuna. Daga wannan lura zuwa abin da wasu iyaye matasa ke yi yanzu tafiyar ba nisa: a sauko da ƙarar ruwan sama ko ta igiyar teku cikin salula, a ajiye ta kusa da kan yaro, ta yi ta shuuu har asuba. Ruwa yana zuba duk dare a cikin ɗaki, a ƙasar da daminarta ba ta cika wuce wata uku ba.

Dabarar tana aiki, kuma an san dalili. Cikin uwa ba wurin shiru ba ne. A watannin ƙarshe ɗan tayi yana ji, kuma abin da yake ji ba ya yankewa: bugun zuciya, gudun jini a jijiyoyi, motsin hanji, da muryar uwar tana zuwa masa ta cikin ƙashi da ruwa. Wanda ya fito daga irin wannan gida, shiru ne baƙon abu a gare shi. A shekarar 1990 wasu likitoci a London suka gwada jarirai 40 masu kwana biyu zuwa bakwai da haihuwa. Suka kunna wa 20 irin ƙarar nan mai bai ɗaya da rediyo ke yi idan ba a kan tasha yake ba, wadda Turawa ke kira farar ƙara. 16 daga cikinsu suka yi barci cikin minti biyar. A cikin sauran 20 da aka bari ba ƙarar, biyar kaɗai suka yi barci. Ke nan ba camfi ba ne. Tambayar da ta rage ta ɗabi'a ce: me jaririn ke nema a cikin ƙarar, me kuma ake ba shi a madadinsa?

Tun kafin salula, ɗan Bahaushe, ko na Babarbare, ko na Bafillace a kwarin Komadugu bai taɓa barci cikin shiru ba. A bayan uwarsa yake, ɗaure da majanyi, kunnensa a manne da gadon bayanta, tana daka taɓarya na sauka daidai da numfashinta. Idan lokacin ban ruwan tattasai ya zo, bayan kogin ya cika da ruwan da ya taso tun daga Haɗeja da Jama'are, sai rurin injinan ban ruwa ya mamaye gaɓa, ƴaƴan mata masu tsinkar tattasai suna ta sharar barci a goye. Da dare kuwa ga hirar tsakar gida, ga tarin kaka, ga kwaɗin fadama, ga ƴar waƙar lallashi da uwa ke yi ƙasa-ƙasa tana bubbuga bayan yaro. Jean-Jacques Rousseau, a littafinsa Émile na 1762, ya yi ra'ayin cewa jijjiga jariri ba dole ba ne, har ma yakan cutar da shi. Ana karanta shi a makarantu da girmamawa, amma ya kamata a riƙa tunawa cewa ƴaƴansa biyar duk gidan marayu na Paris ya kai su, don haka bai taɓa kwana tsaye da mai ciwon ciki a kafaɗa ba.

Abin lura a cikin waɗannan ƙararraki na gida shi ne, yawancinsu ba don yaro aka yi su ba. Saura ce ta rayuwar mutane da ke kusa. Ƙarar turmi tana nufin akwai mai daka, hira tana nufin akwai masu hira, tari yana nufin kaka na nan a farke. Jaririn da ya motsa cikin barcinsa ya ji su, labari ya samu: ba a tafi an bar shi ba. Kuma labarin gaskiya ne. A 1980 masu bincike biyu a Amurka, DeCasper da Fifer, suka nuna cewa jariri da bai wuce kwana uku ba yakan sauya yadda yake tsotso don a jiyar da shi muryar uwarsa maimakon ta wata mace. A 1988 a Paris, Jacques Mehler da abokan aikinsa suka ga jarirai ƴan kwana huɗu suna bambanta Faransanci da Rashanci. Kunnen nan tun farko mutum yake nema, harshe yake tsinta. Ba banza ba abin da ake fara sa masa da gangan ya kasance kiran salla, daga bakin mutum mai rai, a sunkuye a kansa. Ruwan salula kuwa yana ba da alamar ana nan, ko ana nan ko ba a nan.

To, yaudara ce ke nan? A Diffa ba a amsa wannan da gaggawa. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 mayaƙan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babura, aka sa dokar hana fitar dare, fataucin tattasai da kifi ya tsaya. Garin da ya saba da ƙarar kabu-kabu da hayaniyar masu shayi har tsakar dare ya yi tsit tun da wuri, irin tsit ɗin da kowa ke kasa kunne a cikinsa. Bayan harin Bosso na watan Yuni 2016, dubban iyalai suka kafa bukkoki a bakin kwalta, inda tabarma ko leda ce kawai tsakaninsu da dare. Uwar da a irin wannan dare ta murɗa rediyo zuwa inda ba tasha, don shuuwarsa ta rufe wa ɗanta ƙarar da ke zuwa daga gaɓar kogi, ba ƙarya ta yi masa ba. Tsoro kaya ne na manya, ta ƙi ɗora masa tun wuyansa bai yi ƙwari ba. Kuma tana nan zaune, hannunta a kansa, kunnenta ɗaya a waje. Ƙarar ta ce masa akwai mai tsaro, mai tsaron kuwa yana nan.

Inda abin ke ɓaci shi ne idan aka kunna ƙarar don a samu a janye. Kalmar nan ta barci har safe, wadda masu sayar da na'urorin barcin jarirai ke talla da ita, buƙatar babba ce aka rataya wa yaro. Cikin jinjiri ƙarami ne, nono kuma ba ya daɗewa a cikinsa. A makonnin farko yakan nemi mama kowane awa biyu ko uku, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shayar da shi nono zalla wata shida, duk lokacin da ya nema, dare da rana. Farkawarsa aiki ce, ba rashin kirki ba. A ƙarshen damina, lokacin da sauro ya cika kwarin, ɗan nishin da yaro ke yi cikin dare yakan zama farkon sanarwar zazzaɓi, kuma ƙarar da ta rufe masa kunne tana rufe na uwar. Ga kuma kunnen kansa. A 2014 likitocin asibitin yara na Toronto suka auna irin waɗannan na'urori 14 a ƙarshen ƙarfinsu: daga nisan santimita 30, dukkansu sun wuce desibel 50 da aka ƙayyade wa ɗakunan jarirai a asibiti, uku ma sun haura 85, wato iyakar da ake sa wa babban ma'aikaci mai yin awa takwas a masana'anta. Shawararsu ita ce a nisanta na'urar, a rage ƙararta, kada kuma a bar ta duk dare. Wanda ya saba ganin an tura salula ƙarƙashin matashin yaro, ko da karatun Alƙur'ani ne a ciki, ya san shawarar ba ta Toronto kaɗai ba ce.

Sai dai akwai wani nau'in wa'azi mai arha da ya kamata a yi hattara da shi, wanda ke yabon iyayen dā yana zargin ƴan matan yanzu da son jiki. Iyayen dā ba su kaɗai suka yi raino ba. Mai jegon fari gidansu take komawa ta yi wankan kwana arba'in, uwarta ko gwaggonta ce ke karɓar yaron idan ya ƙi barci. Ga kishiya, ga facala, ga ƴar raino. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, su ma ba da hannu ɗaya suka ɗauka ba. Yau gudun hijira ya raba gidaje da yawa, kaka tana Sayam ko Damagaram, ko tana ƙetaren kogi. Ƴar rainon tana aji, kuma ba malamin kirki da zai so a fito da ita. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da za ta tsaya a bakin aiki ƙarfe takwas na safe, bayan ta tashi sau huɗu cikin dare, idan ta kunna ruwan salula don ta runtsa awa biyu, ba ta zalunci kowa ba. Hannuwan da aka janye mata take cikewa da abin da ta samu.

A yawancin ɗakunan nan kuwa akwai wani babba na biyu, mai ƙirji, mai murya mai kauri irin wadda ke ratsa jikin jariri idan an rungume shi ana zagaya tsakar gida. Al'ada ta ba shi izinin ya juya bango ya ja bargo, ko ya koma zaure har a yi arba'in. Da safe shi ne kan faɗa wa abokan shayinsa cewa matan zamani sun bar wa waya raino, ya kurɓi shayinsa, ya nemi a ƙara masa sukari.