Kalmomin nasa ne, ma'anar taka ce

Kimanin shekara 100 da suka wuce, wani mai shirya fim ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya jera fuskar ɗan wasa ɗaya da kwanon miya, sannan da gawa, sannan da wata mace. Masu kallo suka ga yunwa, baƙin ciki da sha'awa, alhali fuskar ba ta sauya ba.

Yau wannan almakashi yana wayarka, cikin CapCut. Ka datse "idan" daga jawabin malami, ba ka ƙara ko harafi ba. Shin ka yi ƙarya? A ganina ka yi, domin abin da ka sa mai kallo ya fahimta, shi ka faɗa. Kafin ka tura, auna: in malamin ya kalla, zai gane maganarsa?