Wane Bashi Gauraka Ke Bin Mu?

A gari irin Maiduguri, wanda ya daɗe yana ɗawainiyar 'yan gudun hijira, duk wanda ya ɗauko zancen tsuntsu akan yi masa kallon wanda ƙoshi ya yi wa yawa. Tambayar da ake jefa masa kuwa ba ta raini ba ce: shin ya dace a ɓata lokaci da dukiya wajen ceton tsuntsu alhali ɗan Adam na kwana da yunwa? Wannan ɗan taƙaitaccen sharhi zai yi ƙoƙarin duban ta da idon basira.

Bari mu fara da misali daga nesa. A tsibiran Bamuda da ke Tekun Atalantika akwai wani tsuntsun teku da ake kira kahau, wanda ke saka ƙwai ɗaya tak a shekara cikin rami. Turawan da suka sauka can, da aladu da ɓerayen da suka zo ta dalilinsu, sun cinye shi har aka ɗauka ya ƙare tun wajen 1620. Sai a 1951 masu bincike suka gano sheƙa 18 a kan wasu ƙananan tsibiran dutse. A cikinsu akwai wani ɗalibi mai shekara 15, David Wingate, wanda daga baya ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gina wa tsuntsun ramukan siminti, yana kare 'ya'yansa. Yau ma'auratan kahau sun haura 150. Tsuntsun nan bai taɓa ciyar da Wingate ba, bai kuma san sunansa ba.

Mu ma muna da namu. Gauraka, mai rawanin zinariya, a da garke-garke yake sauka a fadamun ƙasar Barno. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya janye bayan farin shekarun 1970 da 1980, fadamu suka bushe. Sauran kuma aka bi su da tarko don ƙawata gidajen masu hali. Yanzu sai a wurare irin Chingurmi-Duguma, cikin Gandun Dajin Tafkin Chadi, ake sa ran ganinsa.

A nan ne tambayarmu ke sauya kama. Mai sayen gauraka ya karya masa fiffike ya ajiye a tsakar gida ba yunwa ce ta sa shi ba. Ruwan da tsuntsun ya rasa kuwa shi ne masunci da makiyayi suka rasa. Ashe ba a tsakanin mutum da tsuntsu zaɓin yake ba.

Amma ko da gauraka ba shi da amfanin komai, bashin na nan. Idan amfani ne kaɗai ma'aunin daraja, to ina makomar tsoho da gajiyayye? Bugu da ƙari, gidan da ya rushe ana sake gina shi, halittar da ta ƙare kuwa babu gwanin da zai ƙera ta. Ba mu muka yi ta ba, ajiya aka ba mu, mai riƙon amana kuma ba ya tambayar abin da ajiya za ta tsinana masa.

Babu shakka mutum ne a gaba. Sai dai ranar da jikokinmu suka tsinci kalmar gauraka a ƙamus suka nemi a nuna musu mai sunan, me za mu ce mun yi da shi?